Daga Gullfoss Zuwa Hveravellir a Ƙarshen Hunturu

Mutanen Aisilan ba su kai 400,000 ba, kuma kusan dukkansu a gefen teku suka kafa gidajensu. Tsakiyar tsibirin ba kowa, sai duwatsu da baƙin yashi da narkakken dutsen da ya sandare tun zamanin da, sai kuma manyan tuddan ƙanƙara da ba sa narkewa duk shekara. Hanyoyin burjin da suka ratsa wannan daji ba a buɗe wa jama'a su sai wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, kafin Oktoba ta yi nisa kuma dusar ƙanƙara ta sake binne su. Daga nan hukumar hanyoyin ƙasar, Vegagerdin, ba ta sharewa, ba ta gyarawa, sai dai ta sa alama a taswirarta cewa ba sa biyuwa. Akwai mutanen da wannan lokacin suke jira, kuma da su na shiga hanyar Kjolur a farkon watan Afrilu.

Ziyara ce ta kai ni ƙasar. Ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, ma'aikacin gandun daji ne daga Maraɗi, yana can yana kwas na wata shida kan yadda ake farfaɗo da ƙasar da zaizaya ta cinye, irin kwas ɗin da Aisilan ke gayyato ma'aikata daga Afirka da Asiya su yi. Ɗaya daga cikin masu fita da su daji aikin gwaji yana da jif, kuma yana cikin wani ayarin abokai da ke shiga tsakiyar ƙasar a hutun Ista. Shi ya nema mana kujeru. Sharaɗin da ya gindaya ɗaya ne: in aka ce a fito da shebur, kowa zai fito.

Motocin da muka tarar a gidan man Geysir, wurin shan mai na ƙarshe kafin daji, duk sunayen da muka sani ne a gida, su Land Cruiser da Hilux da Nissan Patrol. Sai dai an sauya musu halitta. An ɗaga su sama, an yanke bodi ta wajen ƙafafu an faɗaɗa, an zuba musu tayoyi masu tsayin inci 38, wasu 44, waɗanda in ka tsaya kusa da su sai su wuce ƙugunka. A cikin kowace akwai injin hura iska da ƙarin tankin mai da oba-oba da allon taswirar GPS. A baya kuma an ɗaure shebur, da dogon jak da ya kai ƙirjin mutum, da sandar ƙarfe, da igiya mai kauri a naɗe. Wannan sana'a ba ta tsufa ba. A shekarun 1980 ta kankama, lokacin da direbobin ƙasar suka tabbatar cewa babbar taya mara iska tana iya ɗaukar mota a kan dusar ƙanƙara, kuma ƙungiyarsu ta masu jif, Ferdaklubburinn 4x4, a 1983 aka kafa ta. Kamfanin Arctic Trucks, wanda ya fara a 1990 a matsayin sashen gyaran motoci na dillalin Toyota a ƙasar, shi ya kai fasahar waje. Motocinsa sun yi aiki a Antaktika, kuma Hilux ɗin da shirin motoci na BBC, Top Gear, ya tuƙa zuwa ƙuryar arewacin duniya ta maganaɗisu a 2007 daga hannunsa ta fito.

Kilomita kaɗan bayan mafaɗar ruwa ta Gullfoss kwalta ta ƙare, hanyar kanta ta ɓace ƙarƙashin farin fili. Nan aka tsaya, kowane direba ya tsuguna gaban tayoyinsa yana sace iska. A kan kwalta gejinsu yana nuna sama da 20. Suka sauke shi zuwa 8, can gaba zuwa 5, kuma direbanmu ya ce in ƙanƙarar ta yi laushi ƙwarai har 3 ko 2 suna zuwa. Taya ta kwanta ta baje, ta yi tsawo a ƙasa, kamar tafin raƙumi in ya taka yashi. Hikimar ke nan gaba ɗaya: nauyin mota bai ragu ba, amma ya rarrabu a fili mai faɗi, don haka abin da kowane ɓangare na ƙasa ke ɗauka ya yi kaɗan. Da na sauko don in ga aikin, ƙafata ta nutse har gwiwa, alhali motar da ta fi tan biyu da rabi tana gefena tayarta ba ta shiga ko taƙi ɗaya ba.

Ƙanena ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, ai wannan aikin direbobin Agadas ne. Haka suke yi in za su shiga yashin Tenere, hanyar Dirku da Bilma." Gaskiya ya faɗa. Da muka gaya wa direban, bai yi mamaki ba, ya ce yashi mai laushi da dusar ƙanƙara magani ɗaya suke sha, sai dai ita ƙanƙara tana sauya hali a cikin sa'a guda, wani lokaci kuma tana ɓoye ruwa a ƙarƙashinta.

Tuƙin bai yi kama da abin da ake nunawa a tallan motoci ba. Ba gudu, ba tsalle, ba ƙarar inji. Ana sa giyar ƙarfi, ƙafafu huɗu duk suna ja, a taɓa totur a hankali. Da zarar direba ya ji taya ta fara juyawa a wuri ɗaya sai ya ɗage ƙafa nan take, don taya mai juyawa a banza rami take haƙa wa kanta, kuma tana goge ƙanƙarar ta zama santsi. Sai ya ja baya kaɗan a kan sawunsa, ya sake matsowa, ya sake ja da baya, har ya daddage abin da ke gabansa ya samu matakin hawa. Akwai hawan da muka yi wanda mai tafiya a ƙasa, da ƙasar za ta ɗauke shi, zai riga mu. Motar gaba ce ke shan wahala, ita ke fasa hanya, ita ke shan mai, shi ya sa suke karɓa-karɓa. Na baya kuma ba ya kauce wa sawun na gaba.

A saman Blafellshals, wata mashiga mai tsayin kusan mita 600, akwai tulin duwatsu da matafiya suka daɗe suna ƙara wa. Kansa kaɗai muka gani. Can sai hazo ya sauko, sama da ƙasa suka zama fari ɗaya, ba ka bambance tudu da gangare. Direbanmu ya daina duban gilashi ya koma duban allon GPS, yana bin layin da aka adana daga tafiye-tafiyen baya, muryoyi na fitowa ta oba-oba kowa na faɗin inda yake.

A gangaren da ke kusa da tafkin Hvitarvatn motar gaba ta kafe. Ina kallo gabanta ya sunkuya, bayanta ya ɗaga, wani ruwa mai shuɗi-shuɗi ya ɓullo kewaye da ita. Wannan shi ne abin da direbobin can suka fi tsoro a ƙarshen hunturu. Ruwan narkewa yakan taru a kwari ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ƙasa ta daskare ba ta shanye shi, sai ya zama caɓin ƙanƙara mai nauyi, ɓawon sama kuma fari fes ba ya nuna komai. Taya mara iska ba ta da amfani a nan, don babu abin da za ta taka. Mafi muni, in sanyi ya ƙaru kafin a fitar da motar, caɓin zai daskare ya riƙe aksul da birki, sai an sassare shi da ƙarfe.

Abin da na gani daga nan shi ya fi komai tsaya min a rai a tafiyar, don haka zan faɗe shi daki-daki.

Direban da ya kafe bai sake taka totur ba. Sauran motocin suka tsaya nesa inda suke, ba wanda ya matso don ya taimaka ya zama na biyu a ramin. Mutum biyu suka sa dogon wandon roba, suka ɗauki sandar ƙarfe suna soka ƙasa, suna neman inda tauri ya ƙare da inda caɓi ya fara. Sai da suka san iyakarsa sannan aka nuna wa wata Patrol inda za ta tsaya. Mu kuma aka ba mu shebur. An haƙe bayan kowace taya, an haƙe ƙarƙashin shasi inda cikin motar ya zauna, an sassaƙe bakin ramin ya zama gangare mai sauƙi maimakon bango. Caɓin ƙanƙara ya fi dusar ƙanƙara nauyi nesa ba kusa ba, kuma duk abin da ka kwashe wani yana malalowa ya maye gurbinsa. Hannu yana mutuwa a cikin safa. Ba wanda ya yi gaggawa, ba kuma wanda ya zauna.

Sannan aka warware igiya. Ta nailan ce, an saƙa ta yadda za ta miƙe ta ƙara tsawo da kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100 in aka ja ta, sannan ta dawo. Mai ja yana barin ta da ɗan sako-sako, ya taho da ɗan gudu, igiyar ta miƙe ta tara ƙarfin, ta sauke shi a kan motar da ta kafe a hankali, ba da fizga ba. An ɗaura ta a ƙarfen da aka ɗaure da noti a jikin shasi don wannan aiki. Direbanmu ya nuna min dunƙulen ƙarfen nan da ake maƙala tirela a bayan mota, ya ce in na ga wani zai rataya igiya a kansa in hana shi ko da faɗa ne, don an yi shi ne domin jan kaya a hankali a kan titi. In aka fizge shi yakan karye ya tashi da ƙarfin igiyar, kuma ya sha fasa gilashi ya kashe mutum a ƙasashe da dama. Kafin a ja, aka kore mu duka zuwa gefe, nesa fiye da tsawon igiyar. Mutum ɗaya kaɗai ke ba da umarni ta oba-oba, direbobin biyu shi kaɗai suke saurara.

Jan farko mai sauƙi ne, don a ji nauyin abin. Aka ƙara ƙarfi, motar ta motsa ta koma. Maimakon a ci gaba da fizga har wani abu ya karye, sai aka dakata aka koma kan shebur. Aka kafa dogon jak a kan katako, aka ɗaga bayan motar gefe ɗaya bayan ɗaya, aka cusa faranti masu ƙurji ƙarƙashin tayoyin. Daga nan aka bar igiya aka koma ga winci, injin nan mai naɗe waya a gaban mota. Suka zarga wayar ta cikin wani faifan ƙarfe mai juyawa da aka ɗaura a jikin motar da ta kafe, suka dawo da bakinta jikin mai ja, wanda hakan ke ninka ƙarfin jan sau biyu ya rage saurinsa da rabi. Wani ya cire babbar rigarsa ya ɗora a tsakiyar wayar, domin in ta tsinke nauyin rigar ya danne ta ƙasa. A haka motar ta fito, taƙi bayan taƙi, ta baya, ta hanyar da ta shiga.

Ba a gama ba. Taya ɗaya ta zame daga kan rim, abin da ke yawan faruwa in iska ta yi ƙasa haka. Aka ɗaga ƙafar, aka goge ƙanƙara daga bakin rim da tsumma da ruwan zafi na fulas, aka ɗaure cikin tayar da bel aka matse, aka hura har ta koma mazauninta da ƙara. Sai aka bi aksul da birki da hannun sitiyari ana fasa caɓin da ya manne kafin ya daskare.

Ina tsaye ina kallon wannan tsari, hankalina yana wurin kawuna. Ya yi shekaru yana tuƙa tsohuwar Land Rover a tsaunin Mambila, daga Gembu zuwa ƙauyukan kan iyakar Kamaru, inda jan taɓon damina ke haɗiye mota har ƙofa. Sanin hanya, da haƙuri, da karanta ƙasa da ido, ban ga abin da waɗannan Turawa suka fi shi ba. Amma da sarƙa suke ja, sarƙa kuwa ba ta miƙewa. Duk ƙarfin fizgar a lokaci ɗaya yake sauka a kan ƙugiya ko zobe mafi rauni. Yaron motarsa na farko da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa, saboda ƙugiyar da ta tsinke ta same shi a gwiwa yana tsaye tsakanin motoci biyu yana ba da hannu. Da na dawo na ba Kawu labarin igiyar da rigar da aka ɗora a kan waya, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, da wani ya gaya mana mu matsa gefe kawai, ai da ya isa." Wannan magana ta dame ni, don matsawa gefe ba ya cin ko sisi. A hanyoyinmu, in mota ta kafe, jama'a kewaye ta suke yi, yara a gaba, kowa yana ba da umarni.

Da yamma muka wuce kusa da wani tudu da ake kira Beinaholl. A ƙarshen 1780 wasu 'yan'uwa biyu daga gidan gonar Reynistadur a arewacin ƙasar suka taso daga kudu da abokan tafiyarsu da garken tumakin da suka sayo da dawakai, suka shiga Kjolur bayan lokaci ya ƙure. Guguwar ƙanƙara ta rutsa da su a nan, ba wanda ya tsira. Har yau ana ganin ƙasusuwan dabbobin a wurin in rani ya yi, kuma bayan wannan masifa mutane sun ƙaurace wa hanyar shekaru masu yawa. Direbanmu ya rage tafiya ya nuna mana wajen da hannu, ko da yake ba abin da ake gani sai fari.

Hveravellir tana tsakanin manyan tuddan ƙanƙara biyu, Langjokull a yamma da Hofsjokull a gabas, kusan kilomita 90 daga Gullfoss. Tun daga nesa ake hango tururi, don ƙasar wurin tafasa take yi. Akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi, da tsohon ɗakin matafiya da aka gina a 1938, da ɗan kududdufin wanka a gefensa. A ƙarni na 18 wani mutum da shari'a ta kora, Fjalla-Eyvindur, ya zauna a nan da matarsa Halla, kuma ana cewa a maɓuɓɓugar suke dafa nama. Ni da ƙanena muka yi alwala da ruwan ɗumin da ya fito daga ƙasa, muka fuskanci kudu maso gabas muka haɗa sallolinmu. Abincinmu busasshen kifi ne da ake shafa wa man shanu, da burodi, da shayi.

A hirar dare na tambayi wa ke zuwa in abin ya fi ƙarfin ayari. Biyu daga cikinsu suka nuna kansu. Aisilan ba ta da rundunar soja, kuma yawancin aikin ceto a tudu da teku yana hannun 'yan sa kai ne na ƙungiyar Landsbjorg, wadda ta samu siffarta ta yanzu a 1999, ko da yake tushenta ya koma ga ƙungiyar kare haɗurra da aka kafa a 1928. Rassa kusan 100 ne a faɗin ƙasar, da dubban mutane da ke barin aiki ko barci in aka kira 112: makanikai, malamai, manoma, ma'aikatan jinya. Ba a biyansu. Babban abin da ke saya musu motoci da kayan aiki shi ne kayan wasan wuta da suke sayarwa a ƙarshen kowace shekara. A Janairun 2020 su ne suka ratsa guguwa cikin dare suka kwaso 'yan yawon buɗe ido 39, har da yara, da suka maƙale a gefen Langjokull, ba nisa da inda muka biyo, kuma duka aka fito da su da rai. Mu ma muna da zuciyar taimako, ba wanda zai wuce motar da ta kafe a hanyar ƙauye bai sa hannu ba. Abin da ba mu yi ba shi ne mu mayar da wannan zuciya ƙungiya mai horo da kaya da lambar kira, alhali kowace tashar mota a ƙasarmu tana da shugabanni da asusu da za su iya fara hakan.

Shirin farko shi ne a hau Langjokull washegari. Cikin dare iska ta juya ta kudu, ɗumi ya shigo, yayyafi ya fara. Manyan ayarin suka duba hasashen yanayi, suka yi 'yar shawara, suka ce ba hawa, kuma tun kafin gari ya waye za a kama hanyar gida, tun ƙasa tana riƙe da sanyin dare. Ba wanda ya yi musu. A lokacin na ɗauka tsoron sake kafewa ne kaɗai. Sai da muka sauko na ga ɗaya dalilin.

Kusa da inda kwalta za ta fara, ƙanƙara ta janye daga filin da ke gefen hanya, gansakuka da gajeriyar ciyawa sun fito. A tsakiyar wannan fili wata ƙaramar jif ta haya ta nutse har ciki, wasu matasa baƙi suna tsaye gefenta jikinsu duk taɓo. Tulin ƙanƙara ne ya tare musu hanya, suka ga fili a buɗe, suka ce bari su kewaya. Sun bar sawu biyu masu zurfi a bayansu, kuma inda suka yi ta taka totur tayoyin sun yayyage ƙasa sun watsar.

Fuskokin mutanen da jiya suka yi ta raha a cikin caɓin ƙanƙara sun sauya. Sun taimaka, amma ba dariya.

Taɓon ƙarshen hunturu a can yana da dalilinsa. Saman ƙasa ne ke narkewa, ƙarƙashi yana nan a daskare, ruwa ba shi da inda zai bi, sai ƙasar sama ta zama kunu. Shi ya sa Vegagerdin ke da alama iri biyu. Hanyar da ba ta biyuwa, mai motar da ta isa yana iya shiga a kan alhakin kansa. Amma in narkewa ta kankama sai a sa alamar haramci, kowace mota komai girman tayarta ta tsaya, har sai ƙasa ta tsane. Dokar kare muhalli ta 2013 kuma ta hana tuƙi a wajen hanya ko'ina a ƙasar, in ban da a kan tuddan ƙanƙara, ko inda ƙasa ta daskare dusar ƙanƙara ta rufe ta. Wato duk tafiyar da muka yi, ƙanƙara ce ta halatta mana ita, kuma da ta fara narkewa izinin ya fara ƙarewa.

Fitar da mota daga taɓo ya bambanta da na jiya. Taɓo tsotsa yake yi, yana riƙe cikin mota da tayoyi, don haka fizga ba ta da amfani sai an haƙe gefe an bar iska ta shiga. Ba motar da ta sauka daga hanya. Suka haɗa waya da igiya suka ƙara tsawo, suka tsaya a kan burji suka ja da winci, suka dawo da ita ta cikin sawun da ta riga ta yi don kada a buɗe sabo. Suka gaya wa matasan su kai kansu wurin 'yan sanda kafin a neme su. A 2019 wani ɗan Rasha mai mabiya da yawa a Instagram ya kafe a taɓo a wajen hanya kusa da tafkin Myvatn, aka ci shi tarar krona 450,000, kuma labarin ya zaga ƙasar.

Ina ganin tarar ba ta yi yawa ba, kuma ƙanena ne ya sa na ga haka. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasar a hannu ya nuna min. Tokar aman wuta ce, mara danƙo, in ta bushe iska ɗauke ta take yi. Abin da ke riƙe da ita shi ne wannan siririn rufi na gansakuka da saiwoyi, wanda a sanyin can yake ɗaukar shekaru gommai kafin ya haɗe in an yage shi. Lokacin da mutane suka fara zama a tsibirin a ƙarni na 9, ana ƙiyasin daji ya rufe aƙalla rubu'insa. Sara da kiwo da aman wuta suka cinye shi har ya koma ɗan kaɗan, yashi ya binne gonaki, abin da ya sa tun 1907 suka kafa hukumar yaƙi da zaizayar ƙasa, ɗaya daga cikin mafi tsufa a duniya. Ƙanena ya ce, "Yaya, dubi yadda sawun ya bi gangare. Ruwan narkewa nan zai bi. Bana taƙi ɗaya, baɗi kamu ɗaya. Haka kwazazzabai da yawa suka fara a wajenmu, daga sawun babbar motar da ta kauce wa taɓo ta ratsa gonar mutane da damina. Na gaba ya ga sawu ya bi, shi ke nan hanya ta zama uku."

Aka sake fito da shebur, wannan karon don cikewa. Muka tura taɓon da ya tashi ya koma cikin ramukan, muka tsinto ɓangarorin gansakukar da tayoyi suka watsar muka jera su a sama, kore yana duban sama, muka danna da ƙafa a hankali. Ƙanena ya sa aka yi 'yan shinge na ƙasa da duwatsu a tsakiyar sawun domin su karya gudun ruwa, irin aikin da yake koya wa manoma a gida. Wannan ya ci lokaci fiye da fitar da motar. Matasan ma sun sa hannu, ɗayansu ba ta iya ɗaga ido ta dube mu ba.

Kafin mu tashi ƙanena ya adana lambobin wurin a wayarsa. A watan Agusta, gab da ƙarshen kwas ɗinsu, ya samu wanda ya kai shi ya sake dubawa, ya turo min hotuna. Shingayen sun riƙe, ruwa bai zurfafa ramin ba. Wajen rabin gansakukar da muka jera ta kama, sauran ta bushe ta yi baƙi, kuma daga kan hanya ana ganin layukan biyu sarai. Ya ce ya bar lambobin a hannun wani malaminsu domin 'yan kwas na baɗi su je su auna.